Muryar Babanki Tana Cikin Mai Fitila

Daga Gaya,
zuwa ga Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kano lafiya, kin tarar da gwaggonki Rabi da yaranta cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya sa karatun kwamfutar da ya fitar da ke daga gida ya zame miki alheri.

Na san za ki yi dariya, ki ce Inna da waya a hannu ta zauna rubuta wasiƙa kamar mutanen da. Yi dariyarki. Kin san ni da ke ba ma iya doguwar magana ido da ido. Ke 'yar fari ce, sunan kakarki kuma aka sa miki, shi ya sa tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, sai dai Ummi. A waya ma da na ɗauko magana sai harshena ya yi nauyi, in ɓige da tambayar ko kin ci abinci. Na ɗora takardar a saman kayanki. A can ƙasan jakar kuma akwai wani abu mai nauyi naɗe cikin tsohon zanena mai ruwan ƙasa. Kada ki kwance shi sai kin kai ƙarshen rubutun nan, kuma kada ki bar yaran gwaggonki su yi ƙwallo da jakar.

Ranar da kike haɗa kaya kin tambaye ni, "Inna, in zan sayi hadiraif na kaina, na ajiyar aikin kwamfuta, wane kamfani ne ya fi ƙarko?" Na ce zan gaya miki, na tashi na shiga kicin kamar ina da abu a wuta. Ba ni da komai a wuta. Tambayar ce ta taɓa ni inda ba ki zata ba, don amsarta ba ta rabuwa da babanki.

Kin tashi kin ga ana ce min Ladi mai bidiyo, amma ba ki san kyamarar farko ba tawa ba ce. Babanki ne ya saye ta, lokacin yana koyarwa a firamare a Gafasa, wai zai riƙa ɗaukar biki ranakun da babu makaranta. Bikin farko da ya je a Ajingi aka tsayar da shi a zaure. Maza sun ɗaura aure sun watse, duk shagalin yana cikin gida wajen mata, shi kuwa ƙato da gemu ba mai barin sa ya leƙa. Ya dawo ya dangwarar min da ita a cinya ya ce, "Ga ta nan, ashe sana'ar taku ce." Tun daga ranar nake shiga inda maza ba sa shiga, daga Gaya zuwa Kademi, daga Toranke zuwa Gafasa, ina ɗaukar mata sun yar da mayafi suna rawa, sun yarda da ni.

Wata rana da la'asar, kina rarrafe, na ɗora kyamarar a kan turmin da aka kife a tsakar gida don in gwada batir, na shiga ɗaki na manta tana ɗauka. Babanki ya dawo daga makaranta ya jingine kekensa. Ya duba dama, ya duba hagu, ya ga ba kowa. Sai ya sunkuya ya ɗauke ki, abin da bai taɓa yi a gaban mutum ba, ya ɗaga ki sama, ya kira sunanki cikakke, sunan mahaifiyarsa da ba ya iya faɗa. Ya ce, "Ke ce kika hana mutane sakat da kuka tun safe?" Kika cafke masa hula, ya yi dariya har da tari. Da ya ji motsina ya dire ki da sauri, ya durƙusa yana gyaran sarƙar keken da ba abin da ya same ta. Shi ke nan abin da ke ciki. Damina biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Danginsa suna gaya miki wai babanki don tsananin kunya bai taɓa ɗaukar ki ba har ya rasu. Ba ƙarya suke yi ba, abin da suka gani suke faɗa. Na taɓa nuna miki hoton kina ƙarama, kika ce wane ne wannan, kika zame kika tafi wasan 'yar tsana.

A kaset aka ɗauke shi. Da zamani ya juya na sa aka juye min shi a kwamfuta, kaset ɗin kuma daga baya zafi ya narkar da zarensa. Tun daga nan muryar babanki ta koma zama a cikin hadiraif, duk wanda na saya sai na sa masa kwafi. Kamfani uku na yi mu'amala da su. Sunayensu ba sa zama a bakina, da hoton da ke jikin kwalin nake gane su: Mai Barewa, Mai Jirgi da Mai Fitila.

Mai Fitila shi ne na fari, zan dawo kansa. Da ya cika sai na koma Mai Barewa, don a lokacin duk mai hoto a yankin nan shi yake yabo. Ɗan siriri ne, ga sauri. An gaya min mai hankali ba ya ajiye aikinsa a wuri ɗaya, sai na sayi guda biyu a shago ɗaya, rana ɗaya, daga katan ɗaya. Duk abin da na sa a wannan sai na sa a wancan. Na jera su a kan tebur, soket ɗaya, ina kallon su ina jin ni ce mai wayon Gaya.

Ran nan da tsakar rana, ranar kasuwa, wata dattijuwa daga Kademi ta yi sallama. Iya Talatu sunanta. Ni na ɗauki bikin 'yarta Sa'ade shekarar da ta gabata, yarinyar kuma ta rasu wajen haihuwa, faifan da na ba su ya karce ba ya yi. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Ladi, ba hoto nake nema ba, hoto ina da shi. So nake in gan ta tana motsi."

Na ce, "Iya, kwantar da hankalinki, yanzun nan za ki gan ta."

Na jona na farko. Maimakon ɗan gurnanin da na saba ji, sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, ba gaggawa. Ban taɓa jin wannan ƙara ba kafin ranar. Iya Talatu ta waiga ƙofa ta ce, "Wa ke ƙwanƙwasawa?"

Na ce, "Ba kowa, Iya, injin ne."

Ta matso ta kara kunnenta a jikinsa, ta daɗe. Ta ɗago ta ce, "Daga ciki ake bugawa."

Rana ce tsaka, kaji na tono a tsakar gida. Na yi ta maza na ce ai ina da na biyu. Na jona shi, ya buɗe, har sunan Sa'ade ya fito a allo. Na kai hannu zan danna sai shi ma ya ɗauka, ƙas, ƙas, ƙas, daidai da bugun ɗan'uwansa. Daga baya na tuna a daren da ya gabata an kawo wuta da ƙarfi har ƙwan fitila ya fashe a zaure, su biyun kuma suna jone. Iya Talatu ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Tana ciki ko?" Na ce tana ciki, ƙofar ce ta lalace. Ta ce to in ba ta ɗaya ta tafi da shi. Na ba ta. An ce min har ta rasu yana cikin kwallarta, a ƙarƙashin kwanukan da take ji da su.

Saboda haka, Ummi, abu biyu da suka fito daga katan ɗaya, suka zauna a ɗaki ɗaya, suka sha wuta ɗaya, kada ki lissafa su biyu. Rauninsu ɗaya ne, kuma tare suke tafiya. In za ki sayi biyu, ki bambanta kamfani, ki bambanta shago, ki bar wata ɗaya ko biyu tsakaninsu. In kin gama aiki ki zare waya daga bango. Kuma duk ranar da kika ji wannan ƙas ƙas ɗin, kada ki ce bari in sake gwadawa, kada ki bubbuga shi kamar rediyo. Ki kashe, ki kai wa mai gyara.

Na yi fushi da Mai Barewa, na rantse ba ni ba shi. Na shiga Kano da kaina na ce a ba ni wanda ya fi kowanne tsada. Aka miƙo min Mai Jirgi a cikin kwali, da leda, da sitika mai sheƙi, mai shagon yana cewa, "Hajiya, wannan sai dai jikokinki su gada." Na dawo na ciro muryar babanki daga Mai Fitila na sa masa, na ci gaba da aiki. Bai rufa shekara ba ya fara ɓatar da abubuwa. Yau folda tana nan, gobe babu. Ana cikin haka ya haɗiye bikin wasu mutanen Toranke gaba ɗaya, ban ma kai ga ba su nasu ba.

Na kai shi wajen wani mai gyara a Kano, Malam Isuhu, mutum mai ƙarancin magana. Ya kwana biyu a wajensa. Da na koma ya ce ya tono abin da ya tonu, ya kuma ce, "Kina isa gida ki kwashe komai. Kada ki tsaya kallo. Wannan ya kusa."

Na isa gida na kwashe aikin mutane tukuna, don amana ce. Da na zo kan nawa sai zuciya ta ce min, ke Ladi, kin daɗe ba ki ji shi ba, ɗan minti nawa ne? Na danna. Ga tsakar gidanmu, ga ki kina rarrafe, ga shi ya shigo ya jingine keke. Ya duba dama, ya duba hagu. Ya sunkuya, hannuwansa sun kusa kai wa gare ki, sai hoton ya daskare. Ya tsaya a sunkuye, bakinsa a ɗan buɗe, bai ce komai ba. Daga ƙarƙashin tebur na ji ƙas, ƙas. Na zauna ina kallon mutumin nan a sunkuye har allon ya yi baƙi. Da kwafewa na yi maimakon kallo, da ya isa ya gama, don abin ba shi da tsawo.

Na kwana biyu ba na ƙaunar ganin kwamfuta. Shi ya sa bikin Toranke ban bi shi daga farko har ƙarshe ba kamar yadda na saba. Na duba farkonsa na ga lafiya, na juye a faifai na hau mota.

Da hantsi na isa. An tayar da janareta, an fito da talabijin rumfa, mata sun cika gidan har da maƙwabta. Ana ta shewa, kowa na nuna kanta, ana tsokanar wata wai ta fi amarya cin kwalliya. Ana tsakiyar rawar kamu sai kiɗan ya yanke. Hoton ya koma wani ɗaki fari fat wanda ban taɓa gani ba. Ta taga ana hango ƙanƙara ta rufe ƙasa da itatuwa. A kan gado wata tsohuwar Baturiya ce kwance, gashinta fari, ta rame. Ta juyo ta dube mu. Wallahi, Ummi, mu ta duba, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wani a cikinmu. Ta ɗaga hannu tana yafitowa, tana magana da wani yare, tana maimaita kalma ɗaya da na ɗauka suna ne. Muryarta siririya, tana rawa. Ba wadda ta motsa a rumfar nan, janareta kawai ake ji. Can sai kiɗa ya dawo, ga amarya tana rufe fuska tana dariya, kamar ba abin da ya faru.

Kakar amarya ce ta fara magana. Ta ce, "Ladi, wannan baƙuwar wa ya gayyato ta?"

Na ce, "Wallahi Baba ban san ta ba."

Ta ce, "Ku ba ku ga karan hancinta ba? Wannan lokacin da aka ɗauke ta ba ta da sauran kwana." Wata mai ciki ta tashi ta bar wajen tana salati. Suka ce in tafi da faifaina. Na gyara, na yanke tsohuwar, na aika musu sabo, suka dawo min da shi. Suka ce ba sa son ya kwana a gidan amarya.

Na kira Malam Isuhu raina a ɓace. Ya ce min ba aljani ba ne. Mai Jirgin nan da na saya a leda tsoho ne, daga wata ƙasa aka kwaso shi, aka goge, aka sa masa sabuwar riga da sabuwar sitika. Da ya shiga tono nawa sai ya tono har da na waɗanda suka riga ni, guntun nasu ya manne a cikin nawa. Ya ce akwai inda ake dubawa a kwamfuta a ga tsawon lokacin da hadiraif ya yi yana aiki, wannan kuwa ya yi shekaru yana juyi kafin ya san akwai wani gari Gaya. Na yarda da bayaninsa, har yanzu na yarda. Amma bayanin bai hana ni tunanin cewa wani ɗa ko wata jika a wata ƙasa sun ajiye tsohuwarsu a ciki, sun ɗauka tana nan, alhali tana Toranke tana yafito mutanen da ba su san ta ba.

To ki riƙe wannan. Sitika ba shaida ba ce, kwali ba shaida ba ne, rantsuwar mai shago ma haka. Kafin ki biya ki sa a jona shi a gabanki, ki duba awannin da ya yi yana aiki, ke ai yanzu za ki fi ni sanin inda ake dubawa. Ban ma san ko in zargi kamfanin Mai Jirgi ba, don ban taɓa riƙe sabonsu na gaskiya ba. Duk aikin da za ki ba mutane, ki kalle shi daga farko har ƙarshe, ko kina jin barci. Sannan tsohon hadiraif kada ki sayar, kada ki bayar kyauta, ko kin goge. Matan da suka yar da mayafi a gabana ba su yi don wani ƙato a wata ƙasa ya tono su ba. Ban da na Iya Talatu, duk wanda ya mutu a hannuna sai na sa shi a turmi na bi shi da taɓarya, in ya so maƙwabta su ce Ladi ta fara daka ƙarfe.

Saura Mai Fitila. Shi ne abin da ke ƙasan jakarki, tare da wayar wutarsa. Ƙato ne, mai nauyi, ga nawa, in kin jona shi sai ki ɗora ruwan shayi kafin ya buɗe. Na sha zaginsa. Amma duk shekarun da na yi ina aiki da shi bai taɓa ɓatar min da ko hoto ɗaya ba. Bayan Mai Jirgi ya tafi, shi kaɗai ya rage da muryar babanki.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in sayo wani in kwafa nan take. Tsoro ya hana ni. Na ga duk wanda na jona mutuwa yake yi, sai na ɗauka jonawar ce ke cinye musu kwana. Na yi masa abin da muke yi wa duk abin da muke ji da shi a ƙasar nan. Kin san yadda mace take da atamfar da ba ta ɗaurawa da kwanon da ba a cin abinci a ciki. Na naɗe shi a zane, na sa shi a ƙasan akwati tare da kayan lefena da ƙullin turaren wuta, na ce ya huta. Shekaru yana nan, a ɗakin da kwanon rufinsa ke gasa mutum da bazara. In na wuce akwatin sai in ji sanyi a raina, in ce yana nan.

Bana da na je Kano sayen batir na biya ta wajen Malam Isuhu, har ina yi masa alfahari da dabarata. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, wannan ba atamfa ba ce. Akwai abin da ke juyawa a ciki. In ya daɗe bai juya ba sandarewa yake yi."

Na dawo gida da azahar, ko mayafi ban cire ba na buɗe akwati. Na jona shi. Shiru. 'Yar fitilarsa ta kama, amma ba motsi. Na ɗora tafin hannuna a kansa kamar mai duba zazzaɓin yaro. Can sai na ji wani nishi daga ciki, dogo, irin na wanda aka tasa daga barci mai nauyi, ya fara juyi da ƙyar. Foldar ta fito. Ina ganin sunan da na sa mata, Tsakar Gida. Sai na ji ƙas. Sau ɗaya tak. Na fizge wayar daga bango, na zauna a ƙasa. Malam Isuhu ya ce na yi daidai. Ya ce wataƙila ya sake tashi sau ɗaya, wataƙila biyu, wataƙila ya riga ya yi na ƙarshe. Ya ce kada a sake gwada shi da wutar janareta ko wutar da ake ɗaukewa ba sallama. Shi ya sa na ba ki shi, don an ce makarantarku sola gare su, wutar ba ta rawa.

Kin tambaye ni wane kamfani ya fi. Ga abin da na gani da idona. Mai Barewa yana da sauri, bai jure min wuta ba. Mai Jirgi ban san shi ba, rigarsa kawai na sani. Mai Fitila ya fi su daɗewa a hannuna, amma ga shi yau ina lallaɓa shi kamar ƙwai. Wata abokiyar sana'ata a Ajingi kuwa in kin zagi Mai Barewa a gabanta sai kun yi faɗa, nata ya shekara da shekaru, Mai Fitila ne ya ci amanarta. Kowa da wanda ya cuce shi, shi yake zagi. Ni dai ban ga wanda ba ya mutuwa ba. Dangin babanki na Gafasa ba sa tara shanunsu a garke ɗaya, sai su kai wasu wajen kawu, wasu wajen suruki, don in ciwo ya shiga nan kada ya share duka. Haka za ki yi. Ɗaya a wajenki, ɗaya wajen gwaggonki, ɗaya ki aiko Gaya, kuma duk bayan 'yan watanni a tashe su su juya. Na san za ki ce yanzu ana ajiya a intanet. Ki ajiye naki a can ma, ban hana ba, amma ban da bidiyon matan mutane, don can ɗin ma hadiraif ɗin wani ne a ɗakin wani da ba ki sani ba.

Akwai ma'ajiya ta huɗu da na fi yarda da ita a kan duka, ita ce kaina. Duk lokacin da ɗaya ya mutu sai in ce ba komai, ai ina da shi a ka, wannan ba mai ɗauke masa wuta. Kwanan baya ina zaune a inuwa ina ɓarar gyaɗa, sai na ce bari in ji shi. Na ga keken. Na ga hular. Na ga ya sunkuya. Na san kalmomin da zai faɗa ɗaya bayan ɗaya. Amma da ya buɗe baki, Ummi, ba muryarsa ce ta fito ba. Muryar tsohuwar nan ce, siririya, tana rawa, tana kiran sunan da ban sani ba. Na yi a'uziyya na sake gwadawa, ita ce dai. Tun daga ranar ko yaushe na nema ita nake samu. Ban san ranar da tasa ta tafi ba, ba ta yi min ko ƙas ɗaya ba. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko ranar da aka fita da shi, don ranar na san abin da na rasa, ina kuma ji a kunnena.

Saboda haka ki saurare ni da kyau. Ki sayi sabon hadiraif tukuna, ki gwada shi, ki tabbatar. Ki zaɓi ranar da wuta take zaune, a ɗaki mai sanyi. Ki ɗora Mai Fitila a kan tebur, kada ki motsa shi in ya fara juyi, ki yi bisimilla ki jona. Zai yi nawa, ki ƙyale shi, halinsa ne. In foldar ta fito zuciyarki za ta ce miki ɗan minti nawa ne. Ni ma haka ta ce min. Kada ki buɗe. Ki kwafe Tsakar Gida kafin komai, ki bar sauran, bukukuwan da ke ciki masu su sun karɓi nasu tuni. Sai ya gama tsaf, kin zare tsohon, sannan ki kalla a sabon.

In Allah ya sa ya tashi, za ki ji sunanki a bakin da ya raɗa miki shi. Ni ban taɓa faɗa ba, ba kuma zan fara a takarda ba, ki ji shi daga wajensa. In kin gama kukanki ki kira ni, ki kara wayar a jikin sifika, kada ki ce komai, ki bar shi ya kai har inda yake tari.

In kuma kika ji ƙas ƙas, ki zare, kada ki zargi kanki, ba a hannunki ya lalace ba. Ki naɗe shi a zanen ki dawo min da shi, wannan ba zai shiga turmi ba, akwai wuri a kwallata. Amma ki kira ni duk da haka, ki ba ni labarin wani abin ban dariya na mutanen Kano har ki yi dariya. Gwaggonki ta sha cewa dariyarki tasa ce sak, har tarin ƙarshen. Da ina musa mata. Yanzu ba ni da abin da zan gwada da shi, zan karɓa yadda ta faɗa.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci, ki yi wa gwaggonki biyayya ko ta cika faɗa. Allah ya tsare min ke daga sharrin mutum da na ƙarfe, ya kai ki inda kike nema, ya dawo min da ke lafiya. Allah ya jiƙan babanki, ya jiƙan Sa'ade da Iya Talatu. Ita ma tsohuwar nan, Allah ya sa wanda take kira ya amsa mata kafin ta tafi.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Ladi.